Ba wa yara maganin ADHD a Amurka

Ba wa yara maganin ADHD a Amurka batu ne da likitoci da iyaye da malaman makaranta da 'yan majalisa suka shafe fiye da shekara 50 suna taƙaddama a kansa. ADHD taƙaitaccen sunan Ingilishi ne na wata lalura da ke hana yaro tsayar da hankalinsa a kan abu ɗaya, ko ta hana shi zama wuri ɗaya, ko ta sa ya riƙa aikata abu kafin ya yi tunani. Magungunan da aka fi ba masu ita su ne masu zaburar da ƙwaƙwalwa. Iri biyu ne manya: metilfenidet, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, da amfetamin, wanda Adderall da Vyvanse suke cikin danginsa.

Bisa ƙididdigar Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, a shekarar 2022 kimanin yara miliyan 7 'yan shekara 3 zuwa 17 ne aka taɓa cewa suna da ADHD. Wannan ya kai kashi 11.4 cikin 100, kusan yaro ɗaya cikin tara. Fiye da rabin waɗanda ke fama da lalurar a lokacin suna shan magani. Mafi yawan masana ba sa musun cewa lalurar gaskiya ce, ko cewa maganin yana aiki. Inda aka rabu shi ne wurin da ya kamata a ja layi tsakanin yaro mai lalura da yaro mai yarinta kawai, da kuma su wa ke da hannu wajen jan layin.

Suna da ma'ana

Hausa ba ta da kalma ɗaya da aka tsayar wa wannan lalura. Kalmomi irin su ƙiriniya da rawar kai da rashin ji sun yi kusa da wasu alamominta, amma ba su dace ba, domin duk suna ɗauke da zargi. Idan aka ce yaro ba ya ji, ana nufin ƙi ya yi. Likitoci kuwa cewa suke yi kasawa ya yi.

A Ingilishi ma sunan bai zauna da wuri ba. A shekarar 1902 wani likitan yara na Ingila mai suna George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan wasu yara masu cikakken hankali amma ba sa iya kame kansu, ya danganta abin da naƙasu a ikon riƙe ɗabi'a. Daga baya aka koma kiransa ƙaramar taɓuwar ƙwaƙwalwa, ko da yake ba a ga wata taɓuwa ba. Littafin DSM, wanda Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa don rarrabe lalurori, ya sa shi a bugun 1968 da sunan da ke nuni ga yawan motsi. Bugun 1980 ya mai da hankali ga rashin natsuwa, ya kira shi ADD. Sunan ADHD ya zo a 1987. Kowane sauyin suna ya sauya yawan waɗanda sunan ya shafa. Da zarar an ce rashin natsuwa kaɗai ya isa, yarinyar da ke zaune shiru a bayan aji hankalinta na wani wuri ta shigo lissafi, alhali a da ba ta ciki.

Yadda ake tantancewa

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ADHD. Likita yana dogara ne da abin da iyaye da malamai suka faɗa, da takardun tambayoyi da suke cikewa. DSM ya jera alamomi 9 na rashin natsuwa da 9 na yawan motsi da garaje. Ana buƙatar yaro ya nuna aƙalla 6 daga ɗayan jerin, na tsawon wata 6, a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma abin ya kasance yana kawo masa cikas a zahiri. A da sharaɗi ne alamomin su bayyana kafin shekara 7; bugun 2013 ya mai da shi shekara 12.

Kowace alama a jerin tana ɗauke da kalmar da ke nufin "sau da yawa": sau da yawa yana ɓatar da kayansa, sau da yawa yana katse wa mutane magana. Littafin bai faɗi sau nawa ne sau da yawa ba. Wannan ƴar kalma ita ce ƙofar da hukuncin malami da haƙurin uwa da saurin likita ke shigowa ta cikinta.

Tarihin maganin

An gano amfanin maganin ne bisa katari. A shekarar 1937 Charles Bradley yana kula da wani asibitin yara a jihar Rhode Island. A lokacin, idan za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, akan zuƙe ruwan da ke kewaye da ita a maye gurbinsa da iska, abin da ke barin yara da matsanancin ciwon kai. Bradley ya ba su Benzedrine, wani nau'in amfetamin, da fatan zai rage ciwon. Ciwon kai bai ragu ba, amma a cikin yara 30 da aka ba, kusan rabi sun sauya a aji: suka zauna, suka kama karatu. An ruwaito cewa yaran da kansu suka sa masa suna ƙwayar lissafi. Binciken ya fito a mujallar likitoci a wannan shekarar, amma aka yi shekaru kusan 20 ba a ɗauke shi da muhimmanci ba.

Metilfenidet kuwa wani masanin haɗa magunguna ne, Leandro Panizzon, ya haɗa shi a 1944 a kamfanin Ciba da ke Basel a ƙasar Suwizalan. Sunan Ritalin daga sunan matarsa Rita aka samo shi. Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1955 don manya, sannan a farkon shekarun 1960 aka yarda a ba yara masu matsalar ɗabi'a.

Hayaniya ta farko ta tashi a 1970, lokacin da jaridar Washington Post ta ba da labarin cewa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ɗaliban birnin Omaha a jihar Nebraska suna shan magungunan gyara ɗabi'a. Daga baya ta bayyana an zuzuta adadin, amma labarin ya riga ya kai Majalisar Dokoki, wadda ta yi zama a kansa. A 1971 aka sa metilfenidet da amfetamin a rukuni na biyu na magungunan da doka ta tsaurara, rukuni ɗaya da mofin. Har yau Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ita ke ƙayyade yawan da kamfanoni za su sarrafa kowace shekara. A 1975 littafin The Myth of the Hyperactive Child na Peter Schrag da Diane Divoky ya zargi makarantu da amfani da ƙwaya don ladabtar da yara.

Yadda maganin ke aiki

Magungunan suna ƙara yawan sinadaran dofamin da norefinefirin a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, musamman a sassan da ke kula da tsara aiki da danne garaje. Sukan fara aiki cikin awa ɗaya. Tsohon Ritalin ba ya wuce awa 3 zuwa 4, shi ya sa yara kan yi layi da rana a ofishin ma'aikaciyar jinya ta makaranta don shan na biyu, kowa na ganinsu. Concerta, wanda ya fito a shekarar 2000, yana kai wa kusan awa 12. Ƙwaya ɗaya da safe a gida ta wadatar, kuma hakan ya cire wa iyaye da yawa jin kunyar abin.

An daɗe ana cewa maganin yana aiki a baibai ne a jikin mai ADHD, wato yana kwantar da shi alhali yana zaburar da sauran mutane. Binciken Judith Rapoport na 1978 ya rushe wannan: yara maza marasa lalurar ma, da aka ba su amfetamin, sun fi natsuwa sun rage motsi. Ma'anar wannan babba ce. Don yaro ya natsu bayan ya sha magani, hakan bai tabbatar da cewa yana da ADHD ba.

Illolin da aka fi gani su ne rashin son abinci, wahalar barci, ciwon ciki, ciwon kai, da ɗan ƙaruwar bugun zuciya da hawan jini. Tsoron mutuwar farat ɗaya ya sa Kanada ta dakatar da Adderall XR a watan Fabrairun 2005, ta maido da shi a watan Agusta. Wani bincike na 2011 da ya duba bayanan yara da matasa fiye da miliyan 1.2 a Amurka bai ga ƙaruwar manyan matsalolin zuciya ba.

Ƙaruwar adadi

An ƙiyasta cewa a 1990 yara kusan 600,000 ne ke shan maganin ADHD a Amurka. A 2011 sun kai miliyan 3.5. Alƙaluman CDC na yara 'yan shekara 4 zuwa 17 da aka taɓa tantance su da lalurar sun tashi daga kashi 7.8 a 2003, zuwa 9.5 a 2007, zuwa 11 a 2011. Waɗannan alƙaluma daga bakin iyaye ake samo su, ba daga fayil ɗin asibiti ba, kuma an sauya tsarin tambayar a 2016, don haka ba a gwada na kafin nan da na bayan nan kai tsaye. Wani babban nazari na 2007 da ya haɗa bincike daga nahiyoyi daban-daban ya sa adadin duniya a kusan kashi 5.

Abubuwa da dama sun haɗu a shekarun 1990. A 1991 Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta bayyana cewa yara masu ADHD za su iya samun tallafi na musamman a makaranta, don haka takardar likita ta zama abin da ke buɗe ƙofa. A 1996 aka amince da Adderall don ADHD. Tsohon maganin rage ƙiba ne mai suna Obetrol aka sauya wa suna, kuma ɗan jarida Alan Schwarz ya ruwaito cewa an ƙirƙiri sabon sunan ne daga ADD da kalmar Ingilishi mai nufin "duka". A 1997 FDA ta sassauta ƙa'idar tallata magani a talabijin. Amurka da New Zealand ne kaɗai ƙasashen da suka bar kamfanoni su tallata maganin da sai da takardar likita kai tsaye ga jama'a. A 2014 kamfanin Shire ya biya dala miliyan 56.5 don sasanta zargin gwamnati cewa ya zuzuta amfanin Adderall XR da Vyvanse, ba tare da ya amsa laifi ba.

Keith Conners, masanin halayyar ɗan Adam da ya tsara ɗaya daga cikin takardun tantancewa da aka fi amfani da su, ya shafe shekaru yana fafutukar a ɗauki ADHD da gaske. A 2013 shi da kansa ya fito ya ce adadin ya wuce hankali, ya kira shi bala'i ga ƙasa.

Jiha da watan haihuwa

Hujjar masu cewa an wuce gona da iri ba ta tsaya a kan yawan adadi kaɗai ba, domin ana iya cewa a da ba a gano masu lalurar ne. Abin da ya fi wuyar bayani shi ne bambancin da ke tsakanin wuri da wuri. A 2011 kashi 18.7 na yaran jihar Kentucky an taɓa tantance su da ADHD, amma a Nevada kashi 5.6 ne. Ƙasa ɗaya ce, littafin DSM ɗaya ne. Stephen Hinshaw da Richard Scheffler na Jami'ar California da ke Berkeley, a littafinsu The ADHD Explosion na 2014, sun danganta wani ɓangare na wannan da dokokin da ke hukunta makaranta idan ɗalibanta suka faɗi jarrabawa. Jihohin kudu ne suka fara irin waɗannan dokoki, kafin dokar tarayya ta No Child Left Behind ta game ƙasar a 2002. A ganinsu, makarantar da kuɗinta ya dogara da sakamakon jarrabawa tana da dalilin son a tura yaro mai ja da baya wurin likita.

Binciken watan haihuwa ya fi wannan kaifi. A jihohi da yawa, yaro sai ya cika shekara 5 kafin 1 ga Satumba zai shiga ajin share fage. Wanda aka haifa a ƙarshen Agusta zai shiga a matsayin ƙaramin aji. Wanda aka haifa bayansa da kwana biyu sai ya jira baɗi, ya zama babban aji. Tsakanin babba da ƙarami a aji ɗaya akwai kusan shekara guda, wato kashi ɗaya cikin biyar na rayuwar ɗan shekara 5. A 2018 masana daga Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine nazarin bayanan inshorar yara fiye da 400,000. A jihohin da ke bin ƙa'idar 1 ga Satumba, cikin kowane yara 10,000 haifaffun Agusta an tantance kimanin 85 da ADHD, amma haifaffun Satumba kimanin 64 ne. Shan magani ma ya bi wannan sahu. A jihohin da ba su bin wannan rana, ba a ga bambancin ba. An sami irin wannan sakamako a Kanada da wasu ƙasashen Turai, kowace bisa ranar da ta tsayar wa makarantunta.

Ba watan Agusta ke kawo lalura ba. Malami ne ke gwada yaro da 'yan ajinsa, ba da sa'o'in haihuwarsa ba, sai ƙuruciya ta yi kama da ciwo. Wasu masana sun ƙara da cewa abin na iya kasancewa ta fuska biyu: ana iya tsallake babban aji mai lalurar don ya fi na gefensa natsuwa.

Binciken MTA

Bincike mafi tasiri a wannan fanni shi ne MTA, wanda Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta ɗauki nauyi, sakamakonsa ya fito a 1999. An raba yara 579 'yan shekara 7 zuwa 9 gida huɗu: masu shan magani ƙarƙashin sa ido sosai, masu samun horon ɗabi'a tare da iyayensu da malamansu, masu samun duka biyun, da waɗanda aka bari da likitocinsu na gari. Bayan wata 14, gidajen da ke da maganin da aka sa wa ido sun fi sauran rage alamomi. Abin lura shi ne, kusan biyu cikin uku na waɗanda aka bari da likitocin gari su ma sun sha magani, amma ba su kai na farko ba. Ke nan daidaita yawan magani da ganin likita kowane wata suna da nasu rabon a nasarar.

Wannan sakamako ya bazu, kamfanoni suka riƙe shi. Abin da ya biyo baya bai bazu haka ba. Da aka sake duba yaran bayan shekara 3, sannan bayan 8, bambancin da ke tsakanin gidajen huɗu ya ɓace. An kuma ga cewa waɗanda suka ci gaba da shan magani sun gaza sauran tsawo da kusan santimita 2. Masu suka sun ce wannan ya nuna amfanin maganin na ɗan lokaci ne. Masu kare shi sun ce bayan wata 14 kowane gida ya zaɓi abin da yake so, wasu suka daina wasu suka fara, don haka gwajin ya riga ya rushe. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya.

Hujjar masu goyon baya

Barin ADHD ba magani ma yana da tsada. Nazarin tagwaye ya nuna gado na da babban hannu a lalurar, sama da kashi 70 cikin 100. Wani bincike na ƙasar Denmak a 2015 ya gano cewa masu ADHD sun fi sauran jama'a haɗarin mutuwa da wuri kusan ninki biyu, akasari ta haɗura. A Suwidin, nazarin mutane fiye da 25,000 a 2012 ya nuna cewa a lokutan da suke shan magani, aikata laifi ya ragu da kashi 32 a maza da 41 a mata. Alƙaluman CDC na 2022 sun nuna kusan uku cikin goma na yaran da ke da lalurar ba sa samun komai, ba magani ba horo. Maza sun ninka mata kusan sau biyu a tantancewa, kuma bincike ya nuna yaran baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka sun fi zama ba a gano su ba ko da alamominsu iri ɗaya ne da na farar fata. Ana iya ba wasu yara maganin da ba sa buƙata, a kuma hana wasu wanda suke buƙata, duk a gari ɗaya.

Ƙananan yara da 'yan riƙo

Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2011, ta ce yara 'yan shekara 4 da 5 a fara musu da koyar da iyaye dabarun gyaran ɗabi'a, magani ya zo daga baya idan hakan bai yi ba. Amma rahoton CDC na 2016 ya nuna kusan uku cikin huɗu na 'yan shekara 2 zuwa 5 da ake kula da su don ADHD suna shan magani, alhali rabi ne ko ƙasa da haka ke samun irin wancan taimako. Dalilin a fili yake: rubuta magani minti kaɗan ne, horon iyaye kuwa makonni ne, masu yinsa ba su da yawa, inshora kuma ba ta cika biya ba.

Damuwar ta fi tsanani a kan yaran da hukuma ta karɓe daga gidajensu ta ba wasu riƙo. Rahoton ofishin binciken gwamnati na GAO a 2011, wanda ya duba jihohi biyar, ya gano ana ba su magungunan ƙwaƙwalwa fiye da sauran yaran da ke cikin inshorar gwamnati ta Medicaid da ninki 2.7 zuwa 4.5, wasu ma magani biyar ko fiye a lokaci guda. A nan ba maganin ADHD kaɗai ba ne, har da magungunan taɓin hankali masu nauyi. A 2013 kamfanin Johnson & Johnson ya amince ya biya fiye da dala biliyan 2.2, ciki har da zargin tallata Risperdal don yara kafin a amince da hakan.

Tun 2004 dokar tarayya ta hana makarantun gwamnati su sharɗanta wa yaro shan irin waɗannan magunguna kafin ya halarci aji.

A wasu ƙasashe

A Birtaniya, ƙa'idar hukumar NICE ta 2018 ta ce a ba yaro ɗan shekara 5 zuwa sama magani ne kawai idan an gyara masa yanayin gida da aji amma matsalar ta ci gaba. Japan ta haramta shigar da Adderall ƙasarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi sa metilfenidet a jerin magunguna masu muhimmanci a 2019 da 2021, tana mai cewa hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta isa ba, matakin da ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa da dama suka soka.

Ƙarancin magani

A lokacin annobar korona a 2020, gwamnatin Amurka ta sassauta doka, aka yarda likita ya rubuta waɗannan magunguna ta intanet ba tare da ya ga mutum ido da ido ba. Buƙata ta tashi, amma wannan karon a wajen manya ne, musamman mata matasa. A watan Oktoban 2022 FDA ta sanar da ƙarancin Adderall, daga nan ya shafi sauran magungunan. Kamfanoni suka ɗora laifin a kan ƙayyadewar DEA, ita kuma DEA ta ce kamfanonin ba su ma sarrafa adadin da aka ba su izini ba. Iyaye suka riƙa bin kantunan magani ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake doka ba ta yarda a maimaita takardar maganin wannan rukuni ba, idan kanti ya ce babu, sau da yawa sai an koma wurin likita ya aika da sabuwa zuwa wani kantin.